Duniyoyin da ba a gani: tambayoyi da amsoshi kan gardamar masu ra'ayin tsari da masana sararin samaniya

Kalmar "duniya" a wannan shafi tana nufin komai da komai: taurari, gungun taurari, sararin da ke tsakaninsu, da lokaci shi kansa. Inda ake nufin wadda muke takawa, za a ce doron ƙasa.

Su wane ne masu ra'ayin "tsarin mai hikima"?

Wasu masana ne da marubuta, yawancinsu a Amurka, da suka taso a shekarun 1990 suna cewa akwai alamu a jikin halitta da ke nuna wani mai hankali ne ya tsara ta, kuma ana iya gano waɗannan alamu ta hanyar kimiyya zalla ba tare da an buɗe littafin addini ba. Matattararsu ita ce cibiyar Discovery da ke birnin Seattle. Fitattunsu sun haɗa da Phillip Johnson, malamin shari'a da ya fito a 1991 da littafin sukar Darwin, mai nazariyyar cewa halittu sun samu ne ta hanyar sauyawa a hankali, da Michael Behe masanin sinadaran jikin halitta, da William Dembski mai lissafi, da Stephen Meyer wanda ya karanci falsafar kimiyya a Kambrij.

A lura da abu guda tun daga nan. Yin imani da Mahalicci daban ne da bin wannan ƙungiya. Miliyoyin Musulmi da Kiristoci sun gaskata Allah ne ya yi duniya ba su taɓa jin sunan Behe ba. Abin da ya keɓanta da ƙungiyar shi ne da'awarta cewa maganar tsari kimiyya ce irin wadda ake gwadawa a ɗakin bincike.

Da Darwin aka san su. Me ya kai su ga taurari?

Maganar saiti ce ta kai su. Masana fiziks sun lura cewa akwai wasu lambobi a dokokin halitta waɗanda da an ɗan goce da su kaɗan, da ba a samu taurari ko sinadarai masu nauyi ko rayuwa ba. Niyutiron da furoton su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar kowace ƙwayar zarra, kuma niyutiron ya fi furoton nauyi da kusan kashi 0.14 cikin ɗari kacal. Da akasin haka ne, da haidurojin bai zauna ba, balle ruwa. A 1953 Fred Hoyle ya yi lissafin cewa kabon ba zai samu da yawa a cikin taurari ba sai idan ƙwayarsa tana da wani matakin ƙarfi na musamman, aka duba a jami'ar Caltech aka same shi inda ya nuna.

Wanda ya fi kowanne ɗaure kai shi ne ƙarfin da ke cikin sarari fanko, wanda ke ture gungun taurari daga juna. Lissafin farko da nazariyya ke bayarwa ya zarce abin da aka auna da ninki mai tsawon 1 da sifili kusan 120 a bayansa. Da ya kai ko kusa da haka, da duniya ta watse tun kafin tauraro ɗaya ya haɗu.

Masu ra'ayin tsari sai suka ce: rediyon da ka samu a kan tasha daidai, wani ne ya murɗa shi. Meyer ya gina babban ɓangare na littafinsa na 2021 a kan wannan.

To mece ce maganar tarin duniyoyi, kuma daga ina ta fito?

Ita ce amsar da wasu masana suka fi so. Idan duniyoyi ba su da iyaka, kowacce da nata lambobin, to dole wasu ƙalilan su dace da rayuwa, kuma ba abin mamaki ba ne mu tsinci kanmu a cikin ɗaya daga cikin ƙalilan ɗin, tunda a sauran babu mai tambaya.

Igiyoyi biyu aka tufka suka ba da wannan. Ta farko nazariyyar kumburin farko, wadda Alan Guth ya gabatar a 1981: cewa a cikin wani ɗan mitsitsin lokaci bayan farawa, sarari ya kumbura fiye da misali. Daga baya Alexander Vilenkin a 1983 da Andrei Linde a 1986 suka nuna cewa a yawancin sigogin nazariyyar kumburin ba ya tsayawa ko'ina a lokaci guda. Yana tsayawa nan da can, kowane wurin da ya tsaya ya zama duniya mai zaman kanta, kamar kumfa a kan kunu mai tafasa. Ta biyu nazariyyar zare, mai cewa asalin komai wasu siraran zarurruka ne masu kaɗawa. An yi fatan za ta fitar da amsa guda, sai a farkon shekarun 2000 aka ga tana iya fitar da sigogin duniya da yawansu ya kai 1 da sifili 500. Leonard Susskind na jami'ar Stanford ya ce wannan yawa ai alheri ne, domin kumburi zai cika kowace siga da tata duniyar.

Mene ne ainihin sukar da masu ra'ayin tsari ke yi?

Sun ce an yi musu mudu biyu. Idan suka ambaci mai tsari, sai a ce ba a ganinsa, ba a auna shi, don haka maganar ta fita daga kimiyya. Amma idan farfesa ya ambaci duniyoyi marasa adadi waɗanda haskensu ba zai taɓa iso mu ba har abada, sai a buga masa a mujalla a ba shi kuɗin bincike. Iyakar abin da za mu iya hangowa nisa ne na tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 46 ta kowace fuska (ya fi shekarun duniya yawa saboda sarari yana ta faɗaɗa), sauran duniyoyin kuwa, idan suna nan, suna bayan wannan katanga.

Suna ƙara da cewa injin da ke haifar da duniyoyin shi ma sai an saita shi, don haka an ture tambayar gaba ne kawai. Suna kuma kawo misalin da masanin falsafa John Leslie ya shahara da shi: an ɗaure mutum, gwanayen harbi hamsin sun buɗe masa wuta, duk suka kuskure. Ba zai gamsu da cewa "ai da sun same ni da ba na nan ina tambaya" ba. Zai so ya san wa ya ba su umarnin kuskurewa.

A ganina ƙorafin mudu biyu yana da nauyi, kuma bai kamata a kore shi don kawai bakin da ya fito ba.

Su kaɗai ne ke wannan suka?

A'a, kuma wannan ne wurin da labarin ya fi daɗi, domin suka mafi zafi daga cikin gida ta fito. A Disambar 2014 George Ellis na jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda ya rubuta littafi tare da Stephen Hawking tun 1973, da Joe Silk suka buga maƙala a mujallar Nature suna gargaɗin cewa wasu abokan aikinsu na neman a sassauta sharaɗin gwaji saboda nazariyyarsu ta yi kyau a lissafi. Sun ce idan aka yarda da haka, da wane baki za a hana masu kimiyyar bogi shigowa? A shekarar ne kuma Sean Carroll ya rubuta cewa lokaci ya yi da za a yi wa sharaɗin "yiwuwar ƙaryatawa", wato cewa dole nazariyya ta faɗi abin da gwaji zai iya ƙaryatawa, ritaya. Rigimar ta kai har aka kira taro a Munich ta Jamus a Disambar 2015, inda masana fiziks da na falsafa suka zauna kan tambayar yaushe ya halatta a amince da nazariyyar da ba a gwada ba.

Sai kuma Paul Steinhardt na jami'ar Princeton, wanda yana cikin waɗanda suka gina nazariyyar kumburi da hannunsu a farkon shekarun 1980, daga baya ya juya mata baya. Hujjarsa ita ce a cikin kumburi marar ƙarewa duk abin da zai iya faruwa zai faru, sau ba adadi, kuma nazariyyar da ta yarda da kowane sakamako ba ta faɗi komai ba. A Fabrairun 2017 shi da Anna Ijjas da Avi Loeb suka rubuta haka a mujallar Scientific American. Masana 33, ciki har da Guth da Linde da Hawking, suka sa hannu a wasiƙar mayar da martani suna cewa kumburi ya yi hasashe da dama kuma an tabbatar da su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu suka da ke ƙungiyar Seattle. Ellis mai addini ne, amma bai ce a shigar da mai tsari cikin lissafi ba. Abin da ya nema shi ne a kira falsafa da sunanta.

Wane mizani ne kimiyya ke auna hujja da shi?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a kimiyya ganin ma sai an yi masa sharaɗi. Karl Popper ya tsara sharaɗin a 1934: nazariyya ta cancanci sunan kimiyya ne idan ta yi kasada, wato ta faɗi abin da idan aka duba aka ga saɓaninsa, ta faɗi ƙasa. Misalin da ya burge shi shi ne na Einstein, wanda ya ce nauyin rana zai lanƙwasa hasken taurari da wani adadi takamaimai. Ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, Arthur Eddington ya auna a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawaga kuma ta auna a Sobral ta Brazil. Da sakamakon ya saɓa, da nazariyyar ta shiga uku.

Sai dai aikin bai kai haka sauƙi ba, kuma labarin mutum ɗaya ya isa ya nuna. Urbain Le Verrier na Faransa ya ga tafiyar Yuranus, ɗaya daga cikin duniyoyin rana (wato masu zagaya rana kamar doron ƙasa), tana gocewa daga lissafin Newton. Bai jefar da Newton ba, ya ce akwai wata duniyar rana da ba a gani tana jan ta, kuma ga inda za a duba. A Satumbar 1846 aka duba a Berlin, sai ga Naftun. A 1859 ya sake yin wannan dabara kan gocewar Makyuri, ya ce akwai wata a kusa da rana. Aka yi shekaru ana nema babu ita, har sai da Einstein ya warware matsalar a 1915 da sabuwar doka.

Mutum ɗaya, hanya ɗaya, sau ɗaya ya dace sau ɗaya ya kuskure. Abin da ya raba gardama a duka biyun shi ne akwai wurin da za a ɗora madubi a duba. Ambaton abin da ba a gani halal ne a kimiyya matuƙar ya zo da adireshi.

Amma ai abubuwa da yawa sai daga baya aka gan su. Me zai hana a yi wa tarin duniyoyi haƙuri?

Gaskiya ne. Wolfgang Pauli ya ambaci wata mitsitsiyar ƙwaya mai suna niyutirino a 1930, ba a kama ta ba sai 1956. Ƙwayar Higgs ta jira daga 1964 zuwa 2012. Igiyoyin nauyi, wato kaɗawar sarari shi kansa, da Einstein ya yi hasashensu a 1916 sai a Satumbar 2015 na'urar LIGO ta ji su. A 1835 Auguste Comte, masanin falsafa ɗan Faransa, ya ce ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba, ba a cika shekara 30 ba aka fara karanta su daga haskensu. Duk wanda zai ce "har abada" ya tuna da Comte.

Bambancin shi ne waɗancan na'ura ce ta gaza, aka jira ta girma. A nan kuwa nazariyyar ce da kanta ke cewa saƙo ba zai iso ba. Akwai ƙofa guda da aka bari: idan wata kumfa ta taɓa yin karo da tamu, za ta iya barin tabo mai siffar da'ira a ragowar hasken farko, wato hasken da ya rage tun farkon duniya wanda ke iso mu daga kowace fuska. An nema a bayanan tauraron ɗan Adam na WMAP a wajajen 2011, ba a samu abin kamawa ba. Rashin samun kuma bai kashe nazariyyar ba, tunda ana iya cewa karon ya yi rauni. Nan ne ciwon yake.

Shin tarin duniyoyi ta taɓa yin hasashen da ya tabbata?

Akwai guda ɗaya da magoya bayanta ke riƙewa. A 1987 Steven Weinberg ya ce idan ƙarfin sarari fanko yana bambanta daga wuri zuwa wuri, to namu ba zai wuce iyakar da gungun taurari za su iya haɗuwa ba, kuma babu dalilin da zai sa ya zama sifili. A lokacin yawancin masana sun ɗauka sifili ne. A 1998 tawagogi biyu suka gano cewa faɗaɗar duniya tana ƙara sauri, kuma adadin bai yi nisa ƙwarai da abin da hujjar Weinberg ta nuna ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma lamba ɗaya ce ya bari ta motsa ya daskarar da sauran. Idan aka saki biyu ko uku tare, hasashen yana yin laushi. Sannan akwai matsalar ƙidaya: idan kowane iri na duniya ba shi da adadi, yaya za ka ce wannan ya fi wancan yawa? Har yau ba a daidaita kan hanyar ƙirgawa ba, kuma amsar tana canzawa da hanyar da ka zaɓa.

An ƙirƙiro ta ne don a guje wa Allah?

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Guth yana neman warware wasu matsaloli ne na lissafi, kamar dalilin da ya sa sassan sama masu nisa da juna suke da zafi ɗaya. Masu nazariyyar zare kuwa amsa guda suka so, yawan sigogin ya zo musu a matsayin baƙin labari. Sai dai ba za a musa cewa wasu sun ɗauke ta makami ba. Susskind ya sa wa littafinsa na 2005 ƙaramin take da ke kiran tsarin mai hikima ruɗin ido, Hawking kuma a 2010 ya rubuta cewa ba a buƙatar Mahalicci don duniya ta fara. Idan masani ya faɗi irin wannan, ya tashi daga kujerar awo ya koma ta falsafa, kuma digirinsa na fiziks bai ba maganar wani ƙarin nauyi ba.

Idan aka auna masu ra'ayin tsari da mudun da suka kawo fa?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A tambaye su irin tambayar da suka yi: wane awo ne, idan aka yi shi gobe, zai nuna babu tsari? Idan lambobin sun yi ƙunci, an ce alamar gwaninta ce. Da a ce sun yi faɗi, ana iya cewa alamar yalwar kyauta ce. Ƙungiyar da gangan take ƙin faɗin ko wane ne mai tsarin, me yake so, da yaya yake aiki, kuma idan ba ka faɗi waɗannan ba, babu hasashen da zai fito daga maganarka. Laifin da Steinhardt ya kama kumburi da shi ke nan, sak.

An taɓa kai maganar gaban alƙali. A garin Dover na jihar Pennsylvania hukumar makarantu ta tilasta a karanta wa ɗalibai sanarwa kan tsarin mai hikima, iyaye 11 suka kai ƙara. Ranar 20 ga Disamba 2005 alƙali John Jones, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa ra'ayin ba kimiyya ba ne. A zaman shari'ar Behe ya amsa cewa ma'anar "nazariyya" da yake amfani da ita tana da faɗin da duban taurari irin na masu duba ma zai shiga ciki. Adalci ne a faɗi cewa shari'ar kan darasin halittu ce, ba ta taɓa maganar saitin duniya ba, kuma kotu ba ta yanke gaskiyar falsafa. Amma amsar Behe ta nuna kuɗin da ake biya idan aka faɗaɗa ƙofa don kayan mutum su wuce.

Idan tarin duniyoyi ta rushe, tsari ya ci gasa ke nan?

A'a. Akwai zaɓi na uku, cewa wata doka mai zurfi da ba a gano ba ce ta tilasta lambobin su zama haka. Akwai na huɗu, cewa ba mu san iyakar da lambobin za su iya kaiwa ba, don haka kalmar "da wuya" ba ta da tushe, tunda duniya ɗaya muka taɓa gani. Newton ya yi zaton tafiyar duniyoyin rana za ta riƙa lalacewa har sai an gyara ta daga sama. Bayan kusan shekara ɗari Laplace ya nuna da lissafi cewa manyan gocewar suna komawa da kansu.

Mai imani ya ji tsoron wannan nazariyya?

Ban ga dalili ba. Fakhruddin ar-Razi, malamin tafsiri da ya rasu a 1210, da yake tattauna "Rabbil alamina" ya ce ikon Allah ya isa ya halicci dubban dubban duniyoyi bayan wannan, ya kuma soki masu falsafar da suka ce dole duniya ɗaya ce. Ba hasashen fiziks ya yi ba, magana ce ta tauhidi, amma ta nuna yawan duniyoyi bai taɓa zama barazana ga mai cewa Allah mai iko ne a kan komai ba. A zamaninmu Don Page, tsohon abokin aikin Hawking kuma Kirista mai riƙo, yana cikin masu goyon bayan tarin duniyoyi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam da ya kawo tunanin duniya mai faɗaɗa a 1927. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kimiyya ta tabbatar da farkon halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, duk da cewa aikinsa ake yabo. Ya san nazariyya tana iya canzawa, kuma bai so a jingina imani da bangon da ake kan ginawa.

To babbar fashewa, wato nazariyyar cewa duniya ta faro a matse da zafi sannan ta faɗaɗa, ita ma zato ce?

Ko kusa. Faɗaɗar duniya an auna ta. Ragowar hasken farko Penzias da Wilson sun tsince shi a 1965, yawan haidurojin da hiliyam ya dace da lissafi, shekarun duniya kuma sun tsaya a kusan biliyan 13.8. Kumburi yana mataki na ƙasa da wannan: yana da shaidu masu kyau daga tauraron ɗan Adam na Planck amma da sauran gardama. Tarin duniyoyi tana ƙasa da shi kuma. Kuskuren da ake yawan yi, daga ɓangarorin biyu, shi ne a zuba ukun a kwano ɗaya, ko a karɓe su duka ko a zubar duka.

Akwai abin da ake jira da zai motsa gardamar?

Akwai uku. Na farko wani salon murɗewa a ragowar hasken farko wanda igiyoyin nauyi na lokacin kumburi za su bari. A Maris 2014 tawagar BICEP2 da ke ƙuryar kudancin doron ƙasa ta sanar ta gan shi, labari ya bazu, sai a farkon 2015 binciken haɗin gwiwa da Planck ya nuna ƙurar gungun taurarinmu ce ta ruɗe su, suka kuma amince. Yanzu cibiyar Simons da ke hamadar Atacama a Chile tana nema, Japan kuma tana shirin harba tauraron LiteBIRD a shekarun 2030. Samunsa zai ƙarfafa kumburi, amma ba zai nuna wata duniya kai tsaye ba.

Na biyu lanƙwasar sarari. Kumfar da nazariyyar ke siffantawa ya kamata ta kasance buɗaɗɗiya. Idan aka auna aka ga sarari a rufe yake kamar bayan ƙwarya, sigar da ta fi shahara za ta shiga matsala. Zuwa yanzu awo yana nuna shi a shimfiɗe. Na uku, na'urar DESI da ke jihar Arizona ta fitar da sakamako a 2024 da 2025 da ke nuna alamar ƙarfin sarari fanko yana iya raguwa da lokaci. Alamar ba ta kai matakin da masana ke kira ganowa ba. Idan ta tabbata, lambar da Weinberg da Meyer suka gina hujjojinsu a kanta za ta zama abu mai motsi, kuma dukansu biyu sai an sake musu lissafi.